Jirgin Kalilu a Bakin Rijiyar Dannet

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Talata, 14 ga watan Janairu na 1997, cikin kwanakin farko na Azumi, Allah Ya karɓi ran Kalilu ɗan Ahmudu, masassaƙi, a gidansa da ke unguwar Bukoki a nan Arlit, bayan doguwar jinyar tari. Da la'asar muka kai shi makwancinsa, a cikin makarar da shi da kansa ya haɗa wa masallacin unguwa. Ya bar matarsa Hansai, da 'yarsa Hawa, da yayansa Nomau can bakin kogi. Ya kuma bar ni, Zayyadu direba, maƙwabcinsa kuma taubashinsa, na wayi gari ba ni da wanda zan tsokana ta kan katanga.

Kalilu, an yi sadakar arba'in ɗinka an watse, ban ce komai a kanka ba, har mutane suka fara cewa Zayyadu mai surutu ya zama kurma. Akwai saƙon da nake so in isar tukuna. Yanzu na isar da shi, shi ya sa na zauna in ba ka labari, in kuma ba waɗanda ba su san ka ba.

Ni Bakatsinen Maraɗi ne, kai Bakabe, daga cikin Sarkawa masu kamun kifi, haifaffen wani ƙauye a bakin Kwara kusa da Gaya. Tsakanin Katsinawa da Kabawa kuwa wasa ne tun kaka da kakanni. Ranar da muka fara haɗuwa, a ƙarshen shekarun saba'in, kana jin inda na fito ka ce, "Alhamdu lillahi, Allah Ya kawo min bawana har cikin hamada." Ni kuma na ce ban taɓa ganin kifi ya yi nisa da ruwa haka bai bushe ba. Lokacin Arlit tana tashe. Yuraniyom na da daraja, wuta ba ta ɗaukewa, kanti cike da tuffa da cuku, saurayi ya zo da jaka ɗaya a wuya, kafin shekara ta zagayo ya aika wa uwarsa rediyo. Ni ina jan kamiyo, babbar motar kaya, daga Paraku, in biyo ta Gaya da Doso da Tawa da Agadas, in sauke kaya a nan. Kai kuma kafinta ne a kamfanin haƙar ma'adinai, kana buga akwatuna da katakan zuba siminti. Ina kewar wannan zamani ƙwarai, kuma rabin kewar taka ce.

Mun daɗe tare kafin ka gaya mini abin da ke cin ranka. Gidanku gidan masu sassaƙa jirgin ruwa ne, kuma kuna da wata al'ada ta kanku. Duk ɗan da aka haifa a gidan, in ya isa, uba zai sare masa gungumen maɗaci, shi kuma ya fafe shi da gatari da gizago har ya zama jirgi. Ranar da aka gama, a kai shi kogi, ruwan Kwara ya taɓa cikinsa, masassaƙin ya fara shiga kafin kowa. In jirgin bai yi yoyo ba, babban gida zai tsaya a bakin ruwa ya kira sunayen masassaƙan gidan tun daga kaka, ya ƙare da sunan sabon. Daga ranar, duk jirgin da za a sa a ruwa sai an kira shi a cikin jerin. Wanda bai yi haka ba, ɗan gida ne dai, ana cin tuwo da shi, amma sunansa ba ya shiga bakin kowa a bakin kogi. Mahaifinka ya sare maka naka gungumen, ka fara ɓare shi ke nan labarin Arlit ya iso ƙauyenku. Ka ce za ka je ka yi damina biyu ka dawo. Tsohon ya rasu kana nan, gungumen yana kwance a inuwa a ƙofar gida.

Ni na kawo maka saƙon yayanka Nomau, don hanyata ce. Na biya in gaishe shi, ya tarbe ni da kifi, amma bai ɓoye fushinsa ba. Ya nuna mini gungumen da haɓa ya ce, "Ka ce ma Kalilu shi zo shi ɗauke iccenai, ya tare muna hanya. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi." Da na faɗa maka, ka kwana uku ba ka tsokane ni ba, abin da bai taɓa faruwa ba. Daga nan ka ce hutun da kamfani ke bayarwa ba zai isa fafe jirgi ba, in taimaka in kawo maka gungumen nan Arlit, ka yi aikinsa da yamma-yamma, in ka gama mu mayar da shi kogi da shirinsa. Na ce maka lalle rana ta taɓa ƙwaƙwalwar Bakabe. Amma a tafiyata ta gaba na ɗora shi a kan buhunan siminti, na ɗaure da sarƙa. A kowane shinge jandarmomi sai sun tambaye ni wannan na mene ne, in ce jirgin ruwa ne za a kai Arlit, su yi dariya su ɗaga mini sanda.

Abin da ba ka lissafa ba shi ne iskar garin nan. Itacen da ya saba da raɓar kogi, yana shan busasshiyar iskar Arlit ya fara ƙara da rana tsaka, yana neman tsagewa. Sai ka koma rainonsa. Ka yi masa rumfa tun kafin ka gyara rufin ɗakinka, ka lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhuna, kana shafe bakinsa da man kaɗanya. Hansai ba ta zubar da ruwan wanke-wanke ko na wanki, duk na gungume ne, kuma sau da yawa na ji ta ta kan katanga tana cigiyar man shafawarta. Takan ce mini, "Malam Zayyadu, ka dai ga abin da ka jawo mini." Mutanen Bukoki suka mai da kai abin nuni, wanda zai wuce ya leƙo ya tambaya ko an ji labarin ambaliya ne. Ba ka taɓa jin haushi ba. Kakan ɗago kai da gizago a hannu ka ce su riƙe wurinsu tun yanzu, don ranar ba za ka ɗauki Bakatsine ba.

A gindin rumfar nan ka samo wata ɗabi'a da ta bi ka har ƙarshe. Arlit gari ne da ya tara kowane irin baki, kai kuma duk wanda ya tsaya kallon aikinka sai ka tambaye shi yadda ake kiran wannan abu a garinsu. Bazabarme ya ce hi, ka ce sunan ya yi gajarta kamar mai shi yana tsoron ruwa ya shiga bakinsa. Bafulatani ya ce laana. Wani Babarbare daga wajen Tafkin Chadi ya ce magara, kuka kwashe yini kuna gardamar ko na ciyawa da suke ɗaurewa a can ya cancanci sunan. Mu Hausawa kuwa kakan ce mun fi kowa rowar suna, don da jirgi ɗaya muka tashi, na fiton mutane a kogi, da Nasara ya kawo mai tafiya a kan ƙarfe muka ce jirgin ƙasa, da ya kawo mai fiffike muka ce jirgin sama. Kwale-kwale kuma kakan ce sunan raini ne da mutanen tudu irina suka laƙaba, ku a gida ba ku faɗarsa. Ba ka rubuta ko ɗaya ba, a ka kake riƙe da su, kana maimaita su kana sara.

Na Faransawa ne ya fi tsaya maka a rai. A wurin aiki kana jin suna cewa pirog, wani lokaci kano, ka kuwa san ba su gaji fafe gungume ba. Wani malamin lakwal ɗan ƙasar Binin, mai kawo bencunan makaranta gyara wurinka, shi ya warware maka. Ya ce sunayen biyu duk aro ne daga bayan babban teku. Turawan Sipaniya da suka fara isa wasu tsibirai a can sun tarar da mutane suna yawo a cikin fafaffen itace, suna kiransa kanowa. Suka ɗauki sunan suka kai gida, Faransawa suka mai da shi kano, Ingilishi suka ce kanu. Na yi caraf na ce ashe Kanawa sun riga kowa zuwa can da fatauci, ba ka ko kula ni ba. Ka tambayi malamin da me suke fafewa. Ya ce da wuta suke ƙone cikin, su kankare, ka ce haka kakanninku suke yi kafin gizago ya wadata. Ka tambaye shi ina mutanen suke yanzu. Ya ce akasarinsu cuta da aikin tilas sun ƙarar da su tun da daɗewa. Ka ajiye gizago ka ce, "Allahu akbar. An riƙe sunan jirgi, an yad da sunan masu shi." Na san ba su kaɗai kake tunani ba, kuma tausayinka ya kama ni.

Sai farin 1984 ya zo. Makiyaya suka gangaro daga Gugaram da Dannet da sauran daji, suka kafa tantunan fata a bayan gari, wasu da 'yan awaki biyar, wasu da igiyar raƙumi kawai a hannu. Abin da ka yi a shekarar nan ba ka so a faɗa, to yanzu ba ka da bakin hana ni. Guntayen maɗacin da kake cirowa daga cikin jirgin ka mai da su akusa da ludaya da muciya, ka raba wa matan da suka sayar da nasu don hatsi. Tiyon gidanka ka zura shi ta ƙarƙashin ƙofa zuwa waje, kowa ya zo da salkarsa ya cika. Hansai kuwa tukunyarta ba ta sauka daga murhu. A nan ka san Aghali, dattijo Ba'abzine daga ƙasar Dannet, wanda ya fito da garke ya iso Arlit da raƙuma ɗaya. Bai taɓa miƙa hannu ba. Yakan zo ya tsaya nesa da layin ruwa sai kowa ya gama, kai kuma ka gane irin mutumin, ka ce kana neman mai gadin gungume da rana, ladansa abincin gida.

Shi ma ka yi masa tambayarka. Aghali bai taɓa ganin kogi ba, amma ya zagaya aikin, ya ƙwanƙwasa gefensa, ya ce ai wannan aghlal ne, wato kwamin itace da suke shayar da dabbobi a bakin rijiya. Ya ce na cikin ruwa da matafiya ke ba da labari kuma aghlal n aman suke ce masa, kwamin ruwa. Murna ta kama ka, don mu ma a Hausa kwami yana ɗaukar duka biyun. Daga nan gardama ta tashi wadda ba ku gama ba har ka rasu. Shi ya ce makiyayi ne ya fara fafe itace don dabbarsa, wata rana ruwa ya ja kwamin, masunci ya gani ya kwaikwaya. Kai ka ce masunci ne, da jirginsa ya tsufa ya ba makiyayi sadaka. Kullum da yamma Aghali zai jingina bayansa da jirgin, ya hura gawayi ya ɗora shayi, ku ɗauko gardamar daga inda kuka ajiye. Wata rana ya kwance bakin rawaninsa ya miƙa maka wani tsohon ƙashin kifi da ya tsinta a cikin hamadar Tenere, ya ce tsofaffinsu suna cewa da can duk ruwa ne. Ka karɓa da hannu biyu, ka ce to ka gani, mu muka riga ku zuwa.

Bayan fari sai kasuwar yuraniyom ta faɗi. Aka fara rage ma'aikata rukuni-rukuni, kana cikin waɗanda aka sallama. Gidaje suka zama kango, kantin tuffa ya rufe, waɗanda suka zo da jaka ɗaya suka koma da ita. Aghali ya tara 'yan awaki ya koma daji. Na ce maka mu ma lokaci ya yi da za ka tattara ka koma gida, ka ce ba za ka shiga ƙauyenku da rabin jirgi ba. Ka rayu da sassaƙa turmi da gyaran ƙofofi, ka ba jirgin sauran ƙarfinka, ga tari ya fara kama ka. Ranar da ka gama ka kira ni. Ƙaramin jirgi ne na mutum uku, ja kamar an shafa masa lalle, goshinsa a ɗage, cikinsa sumul, ba inda ya tsage. Ni da ban san komai a kan jirgi ba na ga kyansa, ban kuwa sami abin tsokana ba. Har filafilin tuƙi ka sassaƙa ka jingina a gefe. Muka sa ranar kai shi kogi, bayan Sallah, in maigidana ya ba ni lodi zuwa kudu.

Kafin Sallar ta zo, tawaye ya ɓarke a arewa. Hanyar Agadas ta zama sai da rakiyar soja, ana tare motoci ana ƙwacewa, maigidana ya ajiye kamiyonsa a Tawa ya ce ba zai ƙara turo shi arewa ba. 'Yan motocin da ke bin ayari ba wanda zai yarda ya ɗauki doguwar aba mai rami a lulluɓe da tampol, don a shingen farko za a sauke shi a yi ta tambaya. Gari ya yi tsit, mutanen da suka ci abinci a kwano ɗaya suka fara kallon juna ta gefen ido. Kai ba ka canza ba, duk Ba'abzinen da ya shigo gari a tsorace ya san akwai tabarma a rumfarka. Ka ci gaba da jiƙa buhuna kana jiran hanya ta buɗe, shekara ta zagayo, wata ta bi ta.

A bazarar 1993 Aghali ya shigo gari a rame. A wurin shayi ya ba mu labari a taƙaice, kamar na wani. Masu bindiga sun kwana a rijiyarsu, sun farfasa kwamayen itace sun hura wuta, na siminti kuma dama ya daɗe da tsagewa. Bai faɗi ko su wane ne ba, mu ma ba mu tambaya ba. Yanzu rami suke tonawa su shimfiɗa tsohuwar fata, rabin abin da raƙuma ta jawo yashi ke shanyewa, rijiyar kuwa ba ta kawo ruwa da yawa. Awakin da suka sha wahalar tarawa bayan fari sun fara faɗuwa. Ya zo neman rabin tano ne, wato gangar ƙarfe, don ya yi kwami da shi, ya zagaye kasuwa bai sami wanda bai huje ba. Bai roƙi komai ba, irinsu ba sa roƙo. Ni ban lura da komai ba sai da ya tafi masallaci ka ce mini, "Ka ga inda yaz zamna?" Shekara da shekaru Aghali da jirgin yake jingina. Ranar ya ɗauki tabarmarsa ya koma can bakin ƙofa, ya juya fuskarsa ga katanga, don kada idonsa ya faɗa kan jirgin ka ɗauka roƙo ne.

Na gane abin da kake shirin yi, na kuwa yi maka faɗa na gaske, ba na taubashi ba. Na ce tawaye ba zai dawwama ba. Na ce ka dubi hannunka yadda yake rawa, ka saurari ƙirjinka, ko an kawo maka wani gungumen ba za ka iya fafe shi ba, kuma wannan ne wanda mahaifinka ya sare da hannunsa. In ka kai shi rijiya, kofato da rana da gishirin ruwa za su cinye shi, sunanka kuma ya tafi ke nan. Ka saurare ni har na gama, sannan ka ce, "Duk na sani, Zayyadu. Amma ni ka jiƙa icce da ruwa kullum, bisashen mutane na mutuwa da ƙishirwa. In na kai shi kogi bayan sun ƙare, da wane ido za ni shiga cikinai?" Hansai tana bakin murhu. Ita da ta yi shekaru tana mitar jirgin nan, ita ce ta fashe da kuka.

A amalanken jakuna muka kai shi, ta hanyar daji, Aghali yana gaba yana nuna hanya. A bakin rijiya ka sa aka jera duwatsu, ka daidaita zamansa da kanka. Raƙuma ta jawo wasaki na farko, wato gugan fata, ka karɓa ka juye a ciki, aka yi ta jawowa har ya cika. Ka hana a saki dabbobi. Ka durƙusa, ka zura hannu a ƙarƙashinsa, ka shafa cikinsa daga goshi har gindi, a hankali, ka fito da tafin hannunka ka duba. A bushe yake. Ka nuna mini, ka nuna wa Aghali, hawaye na bin gemunka, ba ka ɓoye ba. Sannan ka ce a sake su. Ban taɓa jin ƙara mai daɗi da ban tausayi irin ta awakin nan suna sha ba. A hanyar dawowa ba mu yi wasa ko sau ɗaya ba.

Da aka yi sulhu a 1995, hanya ta buɗe, na koma jan mota. Na ce mu saya musu siminti mu karɓo jirginka. Muka je ka gani. Rana ta mai da shi fari, bakinsa ya cinye inda wuyan raƙuma ke gogawa, garke uku suna layi a kansa, mata suna kiran rijiyar da sunan kwamin. Ka zagaya shi sau ɗaya ka ce a bar shi, kyauta ba ta komawa gida. Ba ka ƙara ta da zancen ba, kuma ba ka je ƙauyenku ba. Amma a kwanakin jinyarka na ƙarshe na sha jin ka kana jera sunayen masassaƙan gidanku a hankali, Illi, Ahmudu, Nomau, sai ka tsaya a nan.

Saƙon da na ce na isar shi ne wannan. Bayan arba'in na shirya zuwa yi wa Nomau gaisuwa, don ta rediyo kawai ya ji rasuwarka. Aghali ya ce zai bi ni. Na ce tafiyar da nisa, ya ce shi ne shaida. Da muka isa bakin Kwara ya tsaya ya daɗe yana kallon ruwan, leɓensa na motsi a bayan rawani. Nomau ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Muka yi gaisuwa, muka yi addu'a, ya yi kukansa. Can ya juyo wajena ya ce, "Iccen nan fa? Wuta yab ba shi?" Na ba shi labari tun daga buhunan siminti har bakin rijiya. Ya ce kwami ba jirgi ba ne. Sai ya tambaya, "Shina ɗiga?" Aghali ya matso ya ce da Hausarsa, "Baba, ni ne mai rijiya. Rani huɗu akuya ya sha, raƙumi ya sha, mutum ya sha. Ƙasan shi ko tururuwa bai samu ruwa ba."

Nomau ya miƙe tsaye. Daga nan ya ce a ba shi bido, wato jarkar ruwa. Ya ƙi a riƙe masa hannu, ya naɗe wando, ya shiga kogin har gwiwa, ya cika bidon da kansa ya toshe. Ya ce ƙafarsa ba za ta kai Dannet ba, amma taubashi bakinsa ya isa a gidan Kabawa, ni zan tsaya a madadinsa. Ya ce in zuba ruwan ta waje, daga goshi zuwa gindi. Na ce to wa zai shiga, tunda mai shi ba ya nan. Ya ce, "Wanda Kalilu yab ba, shi ka shiga." Sannan ya zaunar da ni a kan yashi ya koya mini sunayen, yana gyara mini kamar ɗan makaranta.

Ranar Juma'ar da ta wuce muka isa rijiyar da hantsi, da Hansai da Hawa. Makiyaya suka kwashe ruwan da ke cikin jirgin, suka tsare dabbobi. Na buɗe bidon na zuba ruwan Kwara a jikinsa yadda aka ce mini, busasshen itacen ya sha ya yi duhu, jan maɗacin ya fito. Aghali ya tuɓe takalmansa, ya tattare babbar rigarsa, ya shiga ya tsaya a tsakiya, dattijo da rawani a cikin kwamin awaki. Da kana nan da ka yi dariya har tari ya sarƙe ka. Ba wanda ya yi dariya. Na ɗaga murya na kira Illi. Na kira Ahmudu ɗan Illi. Na kira Nomau ɗan Ahmudu. Da na zo kanka, Kalilu, ni da na shekara ashirin ina kiranka bawana ta kan katanga, na buɗe baki sunan ya ƙi fita. Aghali ne ya faɗa daga cikin jirgin, da ƙarfi yadda har na bayan garke suka ji: "Kalilu ɗan Ahmudu."

Ya Allah, ga bawanka Kalilu ya zo gare Ka. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sanyaya makwancinsa. Ka sa ciwon da ya sha ya zama kaffara, Ka karɓi abin da ya bayar, Ka shayar da shi daga tafkin Manzonka, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hansai, wadda ta yi haƙurin da ba kowace mace za ta yi ba, da Hawa, da Baba Nomau da dukan gidan Ahmudu a bakin kogi, da Aghali da mutanen rijiya, da jama'ar Bukoki. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani. Amin.